Tarwaɗa mai cin komai ma yunwa na kama ta: jagorar ciyar da kifi a tankin gida

Cikin watan Afrilu ne na fara ganin abin, da safe, zafi ya riga ya sauka tun kafin hantsi. Na ɗaga zanar da nake rufe tanki da ita, na watsa abinci kamar kullum, ruwa ya yamutse, sai na hangi wata tarwaɗa a kusurwa tana juyi kamar mazari. Ta nutse, ta taso a karkace, ta bugi bango. Bayan kwana uku sun zama shida. Cikinsu har da biyu daga manyan da nake taƙama da su, bayansu ya lanƙwashe kamar lauje, ɗaya kuma ƙashin kanta ya tsage, jini na tsattsafowa daga tsagar.

Na yi abin da yawancinmu ke yi: na sayo kafso mai ja da rawaya na zazzage cikin ruwa. Bai yi komai ba. Sai aka haɗa ni da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi shekaru yana aiki da masunta a bakin tafkin Madarunfa. Bai ko leƙa tankin ba ya ce, "Ɗana, me kake ba su?"

Na ce, "Baba, abincin buhu ya yi tsada. Wata biyu ke nan ina ba su hanji da kitse daga kwata, da ragowar kifin ƙanƙara. Sai rabin buhu da na samu da araha."

Ya ce in kawo buhun. Ya cusa hannu ya ɗebo, ya shinshina, ya miƙo mini. Warin mai da ya daɗe ne, irin na tsohon ƙuli-ƙuli. Sannan ya kama ɗaya daga cikin marasa lafiyar, ya tsaga cikinta da aska. Hantar da ya kamata ta zama ja mai duhu ta koɗe ta yi fari-fari, kitsen ciki kuma ya yi ɗorawa, ya yi tauri. Ya ce, "Ba cuta ce ta shigo maka daga waje ba. Cikinsu cike yake, amma yunwa ke kashe su."

Dakoro ba garin kifi ba ne. Mu mutanen gero ne da dabbobi, a bakin kwarin Tarka, kuma kifin da muke ci daga nesa yake zuwa, busasshe ko banda ko cikin ƙanƙara. Shi ya sa wanda ya gina tankin siminti a gida, basan kamar yadda muke cewa, ko ya kafa na tamfol, ba shi da kakan da zai tambaya. Abincin buhu sai ya bi hanyar Maradi, kimanin kilomita 120, yawancinsa ma daga Najeriya ya taso, ga kwata kuma a kusa cike da kayan ciki. Dole mutum ya ji sha'awar sauƙi. Wannan jagora don mai irin wannan hali na rubuta ta.

Abin da kifi mai farauta ke ci a ruwansa

Tarwaɗa, giwan ruwa, tsage, yauni da gaiwa duk mafarauta ne, ko da yake tarwaɗa ta fi su rashin zaɓe. A tafki, in ta kama ƙaramar karfasa, haɗiye ta take yi ɗungurungum: ƙashi, hanta, ido, fata, da ɗanyen ganyen da ke cikin hanjinta. Gobe ta ci kwaɗo, jibi ƙwaro ko tana ko katantanwa. Daga ƙashi take samun ma'adinan gina ƙashi, daga hanta bitamin A da dangin B, daga abin da ke cikin hanjin abin farautar kuma bitamin C. A tanki babu wannan. Bango huɗu ne da ruwa, abin da hannunka ya jefa shi ne duniyarta. Turawan da ke ajiye gaiwa da yauni cikin akwatin gilashi don ado suna fama da matsala iri ɗaya da tamu, domin su ma sukan ɗauki abu guda, tsokar kifi ko zuciyar sa, su yi ta bayarwa wata da watanni.

Tsoka zalla abinci ce mai giɓi. Kitsen sa da na rago kuma ya fi ta illa, don kifi jikinsa ba ya ɗumi kamar namu, kitse mai daskarewa ba ya narke masa da kyau, sai ya taru a hanta. In za ka ɗauko wani abu daga kwata, ɗauki hanta da huhu da ɗan hanji, ka yanke kitsen ka ajiye, ka wanke, ka dafa, ka niƙa. Kuma ya zama ƙari, kada ya zama shi ne tuwon.

Juyi da farfaɗiya: ƙarancin bitamin B1

A nan zan daɗe, don shi ne wanda mutane ba su sani ba. Akwai kifaye da dama da jikinsu, musamman kayan cikinsu, ke ɗauke da wani sinadari mai suna tiyaminas. Aikinsa shi ne farfasa bitamin B1. In mafarauci ya ci irin wannan kifi ɗanye, sinadarin zai lalata B1 ɗin da ke cikin abincin tun yana cikin tumbi. B1 shi ke riƙe da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, jiki kuma ba ya tara shi da yawa. Bayan ƴan makonni kifi zai rage ci, launinsa ya ƙara duhu, ya riƙa firgita da ƙaramin motsi, sannan ya rasa daidaito: juyi, kifewa, makyarkyata, mutuwa.

Ba a kan kifi aka fara gane wannan ba. A 1932, a jihar Minesota ta Amurka, yanyawar da wani manomi mai suna Chastek ke kiwo don fata suka riƙa shanyewa bayan an sa ɗanyen kifi cikin abincinsu, har ciwon ya ɗauki sunansa. A tekun Baltik, ƴaƴan kifin salmon sun riƙa mutuwa a wuraren ƙyanƙyasa na Suwidin, aka sa wa abin suna M74 saboda a 1974 aka fara lura da shi, daga baya aka gano B1 ne ya yi ƙaranci a jikin iyayen. A farkon 2020 an sake ganin haka a Kalifoniya: ƴaƴan salmon na juyi cikin ruwa, da aka zuba musu B1 suka miƙe. Iyayensu sun cika cin ƙaramin kifi iri ɗaya ne a teku, mai ɗauke da wannan sinadari. Ko a kusa da mu, a yankin Ilesha na kudu maso yammacin Najeriya, an daɗe ana ganin wata makyarkyata da ke kama mutane da damina, sai a shekarun 1990 aka danganta ta da wata tsutsar itace da ake ci, mai ɗauke da wannan sinadari.

Cikin kifayen da aka tabbatar suna da shi akwai shawa da danginta na teku, waɗanda ke zuwa mana cikin kwali da ƙanƙara, da jan kifin ado, da kifin kaf na Turai da Asiya. A kula, wanda ake ce wa karp a Yamai karfasa ce, ba wannan ba. Ƙanƙara ba ta kashe sinadarin, yana ci gaba da aikinsa a hankali ko a cikin firji. Wuta ke kashe na jikin kifi. Saboda haka doka ɗaya ce: duk kifin da za ka ba kifi, da kawuna da kayan ciki, tafasa shi minti 10 zuwa 15 tukuna. Ruwan dahuwar kada ka zubar, kwaɓa gari da shi, don wani kaso na bitamin ɗin yana ciki.

Maganin kuwa yana gidanmu. Dusar da mata ke fitarwa wajen surfe, ta gero ko ta dawa ko ta shinkafa, can B1 na hatsi ya fi taruwa. Yis na masu burodi ma yana da shi. In juyi ya riga ya fara, tsayar da ɗanyen kifi nan take, ka nemi bitamin dangin B a wurin masu sayar da maganin dabbobi, ka gauraya da abinci bisa umarnin da ke jikin takardar. Wanda bai daina ci ba yakan farfaɗo cikin kwanaki.

Karyewar baya da fashewar kai: bitamin C

Akuya da saniya jikinsu na ƙera bitamin C da kansa. Mutum ba ya iyawa, tarwaɗa da karfasa ma haka. Da shi jiki ke yin abin da ke ɗaure ƙashi da fata da jijiyar jini. In babu shi, kifi na girma amma ginin ba ya riƙewa: baya ya lanƙwashe ko ya karye, murfin kunne ya gajarce, ciwo ya ƙi warkewa, jini ya kwanta ƙarƙashin fata. A 1973 Tom Lovell na jami'ar Auburn a Alabama ya nuna cewa tarwaɗar Amurka da aka tsare cikin keji, ba ta samun komai sai abincin da aka ba ta, tana karyewar baya in babu bitamin C. A tarwaɗarmu, fashewar kai da masu kiwo ke kuka da ita tana da alaƙa da wannan ƙaranci, ko da yake ƙazamin ruwa na ƙara mata ƙarfi. Abin da ya fi ciwo shi ne, waɗanda suka fi saurin girma su yake fara kamawa, domin su ne suka fi buƙata.

Abin da kifi ke nema kaɗan ne, kimanin miligiram 50 cikin kilo ɗaya na abinci. Matsalar ita ce bitamin C ba ya jure zafi da iska da daɗewa. Kamfanoni irin su Coppens da Skretting suna sa nau'in da aka ƙarfafa don ya jure, amma ko shi ba a yi shi don ya kwana wata shida ƙarƙashin kwano a bazarar Dakoro ba, inda zafi ke haura digiri 40. Araha ba ta ado: kafin ka biya, duba ranar da aka yi abincin a jikin buhu. In ya wuce wata uku, ko an goge ranar, ko an farke buhun ana aunawa da tiya tun ba a san yaushe ba, bar shi.

Ga yadda nake yi in na ga alama. Ƙwaya ɗaya ta bitamin C mai miligiram 500, irin ta kantin magani, nake dakawa in narkar cikin rabin kofin shayi na ruwa, in yayyafa kan kilo ɗaya na abinci, in juya, in bar shi ya sha iska a inuwa, sannan in shafa masa cokali ɗaya na man gyaɗa sabo don kada ruwa ya wanke shi. Na ranar kawai nake haɗawa, in yi haka mako biyu. Tsagar kai takan rufe, mutuwa ta tsaya. Bayan da ya riga ya lanƙwashe kam ba ya miƙewa, wannan kifi sai tukunya. Garin ƴaƴan kuka, wanda muke damawa, yana da bitamin C sosai, ɗan kaɗan cikin haɗi na taimakawa, amma ba za ka iya auna ƙarfinsa kamar ƙwaya ba.

Mai da ya lalace da tunkuza mai hunhuna

Kitsen ɗorawa da dattijon nan ya nuna mini alamar mai ne da ya lalace. In man kifi ko na gyaɗa ya daɗe cikin zafi har ya yi wari, yana cinye bitamin E na jikin wanda ya ci, kitsen jiki ya kumbura ya taurare, jini ya ragu. A 2008 kadoji sama da ɗari sun mutu da wannan ciwo a kogin Olifants cikin gandun Kruger na Afirka ta Kudu, aka kuma same shi a jikin tarwaɗar kogin, irin tamu sak. Hancinka ne ma'auni: garin kifi, tunkuza ko abincin buhu, in ya yi warin tsohon mai, na juji ne.

Tunkuza da ƙuli-ƙuli suna da wata illa ta biyu. Gyaɗar da ta sha laima takan yi hunhuna mai dafi, wanda ke cin hanta. Ta dalilinsa talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, daga garin gyaɗa. Dafi ne da tafasa ba ta kashewa. Sayi tunkuza sabuwa daga hannun matan da ka san sun matse ta cikin makon.

Haɗin gida

Wanda zai iya sayen abincin buhu mai kyau daga farko har ƙarshe, ya saya. Wanda ba zai iya ba, shawarata ita ce kada ya yi tsimi a wata biyun farko. Ƙananan kifi na buƙatar furotin kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, da ƙwayoyi ƙanana, milimita 2 zuwa 3, kuma abin da suka rasa a wannan lokaci ba ya ramuwa. In sun kai giram 100 zuwa 150, kashi 35 zuwa 38 ya isa, a nan haɗin gida ke shigowa.

Ga wanda nake yi na kilo 10. Garin busasshen kifi kilo 2 da rabi. Waken soya kilo 3, a soya shi a kasko har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja kafin niƙa, don ɗanyensa na hana narkewar abinci. Tunkuza kilo 1 da rabi. Garin masara ko dawa kilo 1, dusa giram 800. Jinin kwata da aka dafa aka shanya, rabin kilo, kada ya wuce haka. Garin zogale da aka shanya a inuwa giram 300, garin rogo giram 200 don ɗauri, garin ƙashi da aka ƙone giram 100. Ragowar giram 100 gishiri ne da garin bitamin na kiwo, wanda ake ce wa firimis. Na kifi ya fi, in babu sai na kaji, amma ka sani na kaji sau da yawa ba shi da bitamin C, don kaza na ƙera nata, sai ka ƙara da hanyar da na faɗa a sama.

Akwai masu ƙyamar jini, su da masu sayen kifinsu, kuma suna da hujjarsu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ko ya maye gurbinsa da fara. Busasshiyar fara fiye da rabinta furotin ne, kuma Allah ya hore mana ita bayan damina. Sharaɗi ɗaya: ka tabbata ba daga gonar da aka yi wa feshi aka kamo ta ba, don maganin ƙwari na kashe kifi da ɗan kaɗan. Gara, shinge da tana duk abinci ne na gaske, a riƙa jefawa sau biyu ko uku a mako. Mushen kajin da annoba ta kashe kuwa, kada ya kusanci tankinka.

In kayan haɗin sun kammala, dama garin rogon da ruwan zafi ya zama koko, ka zuba sauran garin ka kwaɓa, sai ya huce ka sa firimis. Tura shi ta injin niƙa nama ya fito kamar taliya, ka kakkarya, ka baza kan tabarma a inuwa mai iska. Iskar Dakoro ta rani na busar da shi cikin yini ɗaya ba sai an kai shi rana ba. A watan Agusta sai ka rage yawan haɗi, don laima na sa shi hunhuna. Kada ka yi fiye da na mako biyu. Ajiye shi bisa katako, nesa da bango, a ɗakin ƙasa in akwai. Wannan abinci nutsewa yake yi, don haka a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, ana kallo.

Awo da lokaci

Kowane mako biyu kamo kifi 10, ka auna, ka raba, ka san nauyin ɗaya. In kana da 300 kowanne giram 100, kilo 30 ke nan. Kashi 3 cikin ɗari na wannan shi ne giram 900 a yini, a raba biyu ko uku. Ƙanana na cin kashi 5 ko fiye, manya da suka doshi kilo su sauko zuwa kashi 2 ko ƙasa. Abin da ba su cinye cikin minti 15 ba ya yi yawa. A ranar awon ka ware waɗanda suka zarce ƴan'uwansu girma, don tarwaɗa mai jin yunwa ƙanwarta take fara ci.

Ta fi cin abinci in ruwa na tsakanin digiri 26 da 30. Da hunturu, Disamba da Janairu, ruwa kan yi sanyi da asuba har ta ƙi ci, sai ka jira rana ta ɗaga, ka rage awo, ka rufe tanki da dare. Da bazara ka ciyar da sassafe da bayan la'asar, ka yi rumfa.

Kafin ka ɗora wa abinci laifi, duba ruwa. Matsalar ruwa gaba ɗaya take zuwa, cikin dare guda: ka wayi gari duk sun rataye a sama a tsaye, ruwa na wari. Ta abinci kuwa sannu take shigowa, ɗaya yau, biyu jibi, bayan makonni da canza abinci. Tarwaɗa na shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe karfasa, amma juriyar ba lafiya ba ce, kuma kayan kwata sun fi komai saurin ɓata ruwa. Ruwa na da tsada a garinmu, na sani. Wanda ka zubar daga tanki ka ja shi zuwa gindin zogale da tumatir, taki ne. In na famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe kafin ka zuba, saboda maganin da ake sa masa.

Ajiye ɗan littafi kusa da tanki, ka riƙa rubuta ranar da ka buɗe sabon buhu, ranar da ka canza haɗi, da ranar da ka ga alamar farko. In ka gyara abinci, ka canza ruwa, mako biyu suka wuce mutuwa ba ta tsaya ba, kada ka ƙara zuba kafso. Sa kifi biyu masu ciwo da ransu cikin bidon, ka ƙulla tafin abincin da kake ba su a leda, ka ɗauki littafinka, ka tafi wurin likitan dabbobi ko ofishin gandun daji da safe, kafin rana ta yi zafi.